Tunkiyar da ke jure daminar Kumasi: gajeriya, doguwa ko Dorper?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi. Na samu ɗan fili a bayan gari ta hanyar Offinso, ina so in fara kiwon tumaki don nama, in riƙa sayar wa mahauta da masu suna da masu layya. Ina yawan ganin bidiyon Dorper a Facebook, ana cewa ba tunkiyar da ta kai ta juriya. Dillalai kuma a kara suna ce mini in sayi dogayen arewa, wai gajerun nan na gida ɓata lokaci ne. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa niyyar albarka. Uwayen garkenka su zama gajerun tumakin nan na kurmi da dillalan suka raina. Dogayen arewa ka riƙa sayensu don turke na 'yan watanni, ka sayar ka ɗauki kuɗinka. Dorper kuwa, tunkiyar nan ta Afirka ta Kudu, ka jingine zancenta tukuna.

Duk wanda ya ce maka tunkiya kaza tana da juriya, ka tambaye shi juriyar me. Akwai juriyar ƙishirwa da zafin rana da doguwar tafiya neman ciyawa, akwai kuma juriyar laima da tsutsar ciki da cizon ƙudan tsando. Ban san irin da ya haɗa duka biyun a cike ba, domin jikin da ya dace da ɗayan ba shi ne ya dace da ɗayan ba. Raƙumi sarki ne a hamada, amma kai shi fadama da damina ka ga yadda zai ƙare. Kumasi tana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, kuma damina biyu take yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Yamai ba ta samun rabin wannan. Ke nan abin da ke kashe tunkiya a filinka ba ƙarancin ruwa ba ne, yawansa ne, da duk abin da ke rayuwa a jiƙaƙƙiyar ciyawa da taɓo. Da wannan ma'aunin za ka auna kowace tunkiya da aka nuna maka.

Gajeriyar nan a littattafan kiwo Jalonke ake ce mata, ana danganta ta da tsaunukan Futa Jalon na ƙasar Gini, kuma ta bazu tun daga kudancin Senegal har Kamaru da gaba, duk inda kurmi da tsando suke. Tsayinta a kafaɗa bai wuce santimita 40 zuwa 60 ba. Tunkiya babba takan yi kilo 20 zuwa 25, rago 25 zuwa 35, wanda aka zaɓa aka kula da shi yakan ɗara haka. Gashi gare ta kwantacce, ba ulu ba, don haka ruwa bai daɗewa a jikinta. Kunnenta ƙarami ne a miƙe gefe, wutsiyarta siririya ba ta tara kitse. Launi galibi fari da dabbare-dabbaren baƙi, sau da yawa gaban baƙi bayan fari, akwai kuma masu ja. Ragon yana da geza, dogon gashi da ya zubo daga wuya zuwa ƙirji, da ƙaho mai kauri da ya lanƙwasa baya, tunkiyar kuwa yawanci ba ta da ƙaho. Gezar nan da ƙaramin kunne su ne shaidarka a kara. In ka ga kunne ya fara zubowa, ƙafa ta yi tsawo, gezar ta yi ƙaranci, to jinin arewa ya shiga. Waɗanda suka taso a arewacin Gana sun ɗan fi na tsakiyar kurmi girma, duk da iri ɗaya ne.

Abu na farko da ya raba ta da sauran shi ne juriyar sammore, cutar da ƙudan tsando ke kawowa. Ta wajen filinka akwai rafuffuka da gonakin koko da inuwa mai duhu, nan ne gidan tsando. Ba wai ƙudan ba ya cizonta ba ne, yana cizonta, ƙwayar cutar ma tana shiga jininta. Bambancin shi ne jikinta yana danne yawan ƙwayar, jininta bai ƙarewa da sauri, sai ta ci gaba da kiwo har ta ɗauki ciki ta haihu. Doguwar arewa da aka ciza rana ɗaya da ita sai ka ga ta fara rama, gashi ya tashi, ido ya yi fari, tana baya a garke, in ba a yi mata allura ba ta tafi. Amma kada ka ɗauka gajeriyar ƙarfe ce. Juriyar nan da ƙoshi take tafiya. Tunkiyar da ke fama da yunwa ga shayarwa ga tsutsa, sammore zai kayar da ita ko da Jalonke ce tsantsa.

Tsutsar ciki kuwa ita ce babbar abokiyar gabarka, ta fi tsando nesa ba kusa ba, kuma a nan zan ɗan daɗe domin yawancin asarar da nake gani a garkunan kewayen Kumasi daga gare ta take. Wadda ta fi ɓarna wata siririya ce mai zanen ja da fari, tana zaune a tumbin ƙarshe tana tsotsar jini. Mace ɗaya takan zuba ƙwai dubbai a rana, su fita ta kashi. In ƙasa na da ɗumi da laima, cikin mako guda ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama abin da zai iya kama wata dabbar, ya hau jiƙaƙƙiyar ciyawa yana jira, yawanci can ƙasa-ƙasa kusa da tushe. Tunkiya ta ci, bayan mako uku ita ma ta fara zubar da nata ƙwan. Tsutsa dubu a cikin dabba ɗaya suna iya shanye mata jini wajen mililita 50 kullum. Ka auna wannan a jikin ɗan rago mai kilo 10. A Sahel rani na wata bakwai ko takwas yana ƙone ƙwan a ƙasa, sai dabba ta samu hutu. A nan hutun ɗan gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, sauran shekarar injin yana ta juyawa. Gajeriyar ta yi ƙarnoni cikin wannan halin, waɗanda ba su iya ba sun mutu tun tuni, waɗanda suka rage su ne muke gani suna yawo a ƙauyuka ba wanda ya taɓa ba su magani. Doguwar arewa da Dorper ba su bi ta wannan tankaɗen ba.

Mutane da yawa suna jiran zawo kafin su ce dabba na da tsutsa. Wannan tsutsar sau da yawa ba ta sa zawo. Kashi zai fito ƙwaya-ƙwaya lafiya lau, dabbar na cin abinci, sai wata safiya a tarar da ita kwance. Abin dubawa shi ne ido. Kama kanta a hasken rana, ka ɗan danna fatar idon ta sama, ka ja ta ƙasa da babban yatsa har naman ciki ya fito. In ja ne sosai, jini na nan. In ya koma ruwan hoda mai haske, a ba ta magani. In fari ne fat, musamman in ƙasan haɓa ya kumbura ya yi taushi da ruwa, to abin ya yi nisa, a nemi likitan dabbobi a ranar. Ka mai da wannan dubawar al'ada duk mako biyu da damina. Kuma kada ka riƙa ɗura wa garke duka magani kowane wata da ka, domin haka ne ke sa tsutsa ta saba da albendazol da ibamektin har su daina aiki. A auna nauyin dabba, a ba ta cikakken awo, a ba wadda ke buƙata. Tunkiyar da kullum ita ce idonta ke fari alhali 'yan'uwanta lafiya, ka sayar da ita, kada ka riƙe 'ya'yanta don iri.

To ina riba a dabbar da ba ta kai gwiwar Balami, dogon ragon nan na arewa, ba? Dillali yana lissafin kai ɗaya, kai kuwa lissafin garke na shekara za ka yi. Gajeriyar ba ta da lokacin barbara, ko wane wata tana ɗaukar ciki. Cikin wata biyar ne, kuma in tana ƙoshi takan haihu duk wata takwas, wato sau uku a shekara biyu, wani lokaci da tagwaye. Tana fara haihuwa tun tana shekara ɗaya da 'yan watanni. Abincin da zai riƙe doguwa ɗaya mai kilo 50 ya kusa riƙe gajeru biyu, kuma in ɗaya ta mutu ba jarinka duka ne ya kwanta ba. Gangar naman bayan an fiɗe an cire kai da ƙafa da kayan ciki takan ɗan gaza rabin nauyin dabbar, don haka rago mai kilo 30 zai ba da wajen kilo 13 zuwa 14. Naman bai da kitse mai yawa, ƙashinsa ƙanana ne. Kuma ka duba su wa ke saye duk shekara: mai sunan da albashinsa bai kai ragon arewa ba, mai sadakar bakwai ko arba'in, masu cicinga wato tsire, gidajen abinci, da maƙwabtanmu Asantawa da ke neman tunkiya don al'adunsu da Kirsimeti. Babban rago kasuwarsa ta kwana goma ce a shekara. Matsakaici kullum yana da mai nema.

Aibinta kuma ba a ɓoye yake ba. Ba ta saurin girma. Ɗan yakan zo duniya da kilo 2 ko ƙasa da haka, nonon uwar ba shi da yawa, kuma asarar da ta fi yawa a irin nan tana faruwa ne kafin yaye: sanyi da laima a makon farko, rashin samun dakashi da wuri, tagwayen da uwarsu ta rame, sai tsutsa da zarar sun fara cin ciyawa. Sannan akwai cutar da ba ta san gajere ko dogo ba, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR. A Kwaddibuwa aka fara gano ta a 1942. Zazzaɓi, majina da kwantsa har ido ya manne, gyambo a baki, zawo mai wari, tari, cikin kwanaki ta share garke. Allurar rigakafinta ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku, har hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son kawar da ita baki ɗaya. Je ka ofishin likitocin dabbobi na gundumarka ka yi wa kowace dabba da ta wuce wata uku. Juriyarta kuma ba ta narkar da leda. Mahautan Mayanka a Kaase sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbin dabbar da ta tashi tana kiwon bola, ciki ƙato jiki ƙashi.

Akwai wani abu da muke yi wa irin nan da hannunmu, shi ya sa ma ya ƙara zama abin raini. Duk shekara in Salla ta zo ko wata buƙata ta taso, ragon da ya fi girma a gida shi ake kamawa a sayar ko a yanka. Wanda ya rage ya hau tumaki shi ne ƙanƙanin da ba wanda ya taya. Shi zai hau uwarsa da 'yan'uwansa, shekara da shekaru, sai a wayi gari ana cewa tumakin gida ba sa girma. An zaɓe su ne don ƙanƙanta ba tare da an sani ba. Inda aka juya abin, sakamako ya bambanta. Ma'aikatar noma tana da tashar kiwon tumaki a Ejura, wajen kilomita 100 daga Kumasi ta hanyar Mampong, aikinta ke nan: zaɓen Jalonke masu saurin girma don a samu ragunan iri. Kwaddibuwa ma ta kafa irin wannan shirin na ƙasa tun 1983. Kafin ka kashe kuɗi a kan ragon da ya ƙetaro teku, ka je Ejura ka ga iyakar abin da gajeren zai iya zama. Ragon da ya fi kowa a garkenka shi ne wanda ba na sayarwa ba, kuma ka musanya shi da na wani garken kafin 'ya'yansa mata su isa barbara. Rago ɗaya ya ishi tumaki 20 zuwa 30. Sauran mazan a ware su ko a dandaƙe su tun suna ƙanana.

Dogayen arewa kuwa dillalai ba su yi maka ƙarya a kan kyansu ba. Balami fari sol mai doron hanci da zubabben kunne, Uda mai rabin jiki baƙi ko ja rabi fari, 'Yankasa mai baƙi a ido da baki, duk dabbobi ne na gani na faɗa, kuma babban rago a cikinsu yana iya ninka gajere biyu a sikeli. Amma ka lura da yadda kasuwarsu take tafiya. Daga Burkina Faso da Nijar da Mali ake loda su, su shigo ta Paga ko Bawku, su biyo Tamale da Kintampo da Techiman, tafiyar sama da kilomita 500 a cunkushe cikin mota. Su sauka a sayar, a yanka cikin mako ɗaya ko biyu. Dillalin bai taɓa riƙe ɗaya ya ga damina biyu a kansa ba, don haka shaidarsa a kan juriya shaidar kwana goma ce. Waɗanda ke riƙe dogaye a Aboabo da Asawase da Sawaba suna cin nasara ne domin dabbar ba ta taka ciyawa. Tana ɗaure a rumfa kan busasshen daɓe, ana kawo mata abinci har gabanta, ana yi mata wanka. Wannan ba kiwon garke ba ne, turke ne, kuma sana'a ce mai kyau in an san iyakarta.

In za ka yi turken, sayi rago mai ƙashi da tsawo amma ba mai ƙiba ba, wata uku ko huɗu kafin Babbar Salla, lokacin da farashi bai tashi ba. A 'yan shekarun nan Sallar tana faɗowa cikin babbar damina, don haka rufi da busasshen wuri ba abin wasa ba ne, sanyi da laima kan jawo musu ciwon huhu da ruɓewar kofato. Ka kiyayi abu ɗaya da masu turke ke yawan yi: cika rago da dusa zalla don ya yi saurin ƙiba. Dusa mai yawa ba harawa ba isasshen ruwa tana tara tsakuwa a mafitsara. Sai ka ga ragon da ka kashe wa kuɗi yana miƙa yana nishi, yana karkaɗa wutsiya, fitsari na ɗiga ko ya tsaya cak, saura mako biyu Salla. Harawa ko ciyawa ta zama ita ce tushen abinci, dusa ƙari, ruwa a gabansa dare da rana, da gishirin lasa. Kuma duk allurar da aka yi wa dabba, a karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a yanka, domin mutane ne za su ci.

Dorper tunkiya ce ta gaske, ba na musu. A Afirka ta Kudu aka samar da ita, tun daga shekarun 1930, ta hanyar haɗa ragon Dorset mai ƙaho na Ingila da wata tunkiya mai baƙin kai da kitsen gindi wadda asalinta yankin Somaliya ne, ƙungiyar masu kiwonta kuma ta kafu a 1950. Akwai mai baƙin kai da farin jiki, akwai fara gaba ɗaya. Jikinta cike yake da tsoka, bayanta faffaɗa, gashi ne gauraye da ɗan ulu da take zubarwa da kanta ba sai an yi mata aski ba. Rago yakan kai kilo 90 zuwa sama da 100, ɗa kuma in abinci ya wadata yana kai wajen kilo 36 a wata huɗu. Duk wannan gaskiya ne. Abin da bidiyon bai gaya maka ba shi ne don wace ƙasa aka yi ta. Don busassun filayen Karoo na Afirka ta Kudu aka yi ta, inda ruwan shekara bai kai ko kusa da na Kumasi ba. Juriyarta ta fari ce. A Kenya masu bincike na ILRI, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ƙasa, sun gwada ta kafaɗa da kafaɗa da jar tunkiyar Masai a yankin gaɓar teku mai laima, Dorper ta fi ɗaukar tsutsa, 'ya'yanta sun fi mutuwa. Ga kuma kaskar nan mai zanen baya da muke da ita, wadda ke kawo ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya: zazzaɓi, dabba na ɗaga ƙafa sama-sama tana zagaye, ta faɗi tana shure-shure. Dabbar gida tana tasowa da ɗan kariya daga gare shi, baƙuwa kuwa ba ta da ko kaɗan. Ana iya kiwon Dorper a nan, amma a ɗaki mai kyau, da abincin saye, da likita a kusa. Wannan aikin wanda ya riga ya iya ne kuma yake da kuɗin da zai iya asara. Ban da haka, ba duk mai baƙin kai da aka ɗora a intanet ba ce Dorper.

Tunanin haɗa jini ba sabo ba ne a Gana. Tashar binciken noma ta Jami'ar Gana da ke Nungua ta taɓa haɗa wannan mai baƙin kan, uwar Dorper, da gajeriyarmu, aka samu irin da ake kira Baƙin Kan Nungua. Ka lura a filayen Akra aka yi shi, inda ruwan shekara bai wuce wajen rabin na Kumasi ba, kuma duk da haka bai bazu ya maye gurbin gajeriyar ba. Haɗin da ya fi yawa a hannun mutane shi ne ragon arewa a kan tunkiyar gida. 'Ya'yan farko suna fitowa da kyau, sun fi uwarsu girma, sun fi ubansu jure laima, kuma suna shiga kasuwar layya ta masu matsakaicin ƙarfi. Ra'ayina shi ne ka tsaya a nan. Ka sayar da su duka, maza da mata, don nama. In ka riƙe matan ka sake sa musu dogon rago, jikokin kashi uku cikin huɗu na arewa ne, ka koma gidan jiya da kuɗin magani. Kuma kada ka sa ƙaton rago a kan 'yar tunkiyar da ba ta taɓa haihuwa ba, ɗan kan yi mata girma ya maƙale. Zaɓi manyan uwaye da suka haihu sau biyu ko uku. Wannan ma sai bayan ka ga shekara guda cur da garkenka na gajeru, ka san wace ce uwa ta gari.

Wajen sayen uwayen, in da hali ka saya a ƙauye daga hannun mai kiwo, inda za ka ga uwar dabbar da 'yan'uwanta, ya fi kara inda dabbobin ƙasashe uku ke shaƙar numfashin juna. Buɗe baki ka duba haƙoran ƙasa. In duka takwas ƙanana ne farare, ba ta kai shekara ba ko tana dab da ita. In ta yi famfara manya biyu sun fito a tsakiya, tana tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi. Manya huɗu wajen shekara biyu, in takwas suka cika ta kai huɗu. Mai manya biyu ko huɗu ita ce ta saye. Wadda haƙoranta suka yi giɓi suka zaizaye, komai araharta bar ta. Duba ido yadda na gaya maka, shafa ƙasan haɓa, ɗaga wutsiya ka ga ko akwai busasshen zawo, ɗaga kowace ƙafa ka sunsuna tsakanin kofato, domin ruɓewa da wari take fara bayyana. Taɓa hantsa ka ji ba ƙullutu kuma kan nono biyu ne lafiyayyu. Sa tafin hannu a gadon bayanta bayan haƙarƙari: gashi na ruɗin ido, hannu ne ke faɗin ko akwai tsoka. Ragon iri kuma 'ya'yan marainansa su zama biyu, daidai da juna, masu ƙarfi.

Ɗakinsu bai buƙatar tsada, bushewa yake buƙata. Ka ɗaga daɓen da katako mai 'yar tazara yadda kashi da fitsari za su zuba ƙasa, ko ka yi daɓe mai gangara ka riƙa zuba ɓawon katako daga kasuwar katako ta Sokoban kana canzawa. Iska ta riƙa ratsawa ta sama, in ka shiga da safe warin fitsari ya sa maka hawaye to huhunsu ma yana ji. Kada ka sake su kiwo da sassafe, bari raɓa ta bushe, kuma ka raba filin gida-gida kana juya su don kada su yi ta cin ciyawa har ƙasa a wuri guda. Abinci kuwa Kumasi ba ta rasa shi ba: ɓawon rogo, amma a shanya shi ya bushe sosai domin ɗanyensa na da guba, ɓawon ayaba da na doya, dusar masu koko da ta injin niƙa, ganyen ɓaure, da harawar gyaɗa da ta wake da ake saukowa da ita daga arewa bayan kaka, ka saya a lokacin ka adana. Duk wani sabon abinci a fara shi kaɗan-kaɗan. Wata shida na farkon ɗa da makonni shida na ƙarshen ciki, nan ne ƙarin abinci ke biyan kansa.

Fara da uwaye goma da rago ɗaya. Duk dabbar da ta shigo, ko daga Ejura take ko daga hannun amininka, a ware ta mako uku a wani ɗaki dabam da kwanon ruwanta dabam, a ba ta maganin tsutsa, a cire mata kaska, a yi mata rigakafin PPR kafin ta haɗu da sauran. Ragunan turken ma kada su taɓa kwana ɗaki ɗaya da uwayen. Ka sami ɗan littafi da sikelin rataye, ka rubuta ranar haihuwar kowane ɗa, uwarsa, nauyinsa ran haihuwa da ran yaye, da duk ranar da idon wata ya yi fari. Daga wannan littafin za ka fitar da waɗanda za ka riƙe da waɗanda za su tafi Mayanka.